Yadda Kwale-kwale Da Fatsa Suka Zo Ƙasar Gwarzo Da Kabo

Ku 'yan makaranta, yau muna so mu ɗauko muku tarihin wani abu wanda ya ke gaban idonku kullum, amma ba safai a ke kula da shi a san yana da tarihi ba. Yawancin yara suna tsammani tarihi shi ne labarin sarakuna da yaƙe-yaƙe kaɗai. To, sana'a ma tana da nata tarihi, har sau da yawa ya fi na yaƙi amfani ga talaka, gama daga cikinsa a ke sanin yadda abinci ya ke zuwa, da yadda ya ke guduwa.

Duk wanda ya bi ƙasar Gwarzo ko ta Kabo da tsakiyar rani, ya ratsa ta bakin ruwan Guzuguzu, ko Magaga, ko Pada, ya kan hangi mutum zaune cikin ɗan kwale-kwale can tsakiyar ruwa, ya riƙe 'yar sanda da zare, yana jiran kifi. Ku da kuka tashi kuka tarad da haka ba ku mamaki. Amma da kakanninmu da suka rasu kafin 1970 za su tashi su gani, sai su rantse ba ƙasarsu ba ce, domin a zamaninsu babu ruwan da zai ɗauki jirgi a nan da rani. Nufinmu mu nuna muku inda ruwan nan ya fito, da inda sana'ar ta fito, da kuma wani abu guda da ya kamata ya zo tare da su amma aka baro shi a baya.

Ƙasar tudu

Gwarzo tana yamma da birnin Kano wajen mil 45, kusa da iyakar ƙasar Katsina, Kabo kuwa tana maƙwabtaka da ita. Ƙasa ce ta tudu, ta noman dawa da gero da gyaɗa da auduga. Rafukanmu, irin su Magaga da Guzuguzu da Pada da Marashi, duk suna gangarawa ne su zuba cikin kogin Challawa. Challawa ya tafi ya haɗu da kogin Kano kudu da birni, su zama kogin Haɗejiya, shi kuma ya miƙa gabas ya shiga kogin Yobe, har ruwan ya dangana da tafkin Cadi. Ku duba taswira ku bi shi da yatsa, za ku ga ɗigon ruwan da ya faɗi a gonar Kabo hanyarsa ta Barno ce.

Halin rafukan nan a dā shi ne su cika su tumbatsa da damina, wata huɗu ko biyar, har su hana matafiyi ƙetarewa, sa'an nan da kaka ta wuce su janye, su bar rairayi fari fat. Ba abin da ke saura sai gurbi-gurbi a inda ƙasa ta yi zurfi, da 'yan tafkuna a fadama. Kifin da ya hauro da sabon ruwa, in bai koma da wuri ba, sai ya maƙale cikin waɗannan gurabu. Tarwaɗa ita ta fi jimiri, domin Allah ya ba ta hanyar shaƙar iska, tana iya rayuwa cikin ruwan da ya zama taɓo. Gaiwa kuwa ta fi ta dabara: ta kan nutse cikin laka ta naɗe jikinta da yauƙi, ta yi kwance har damina ta kewayo.

Saboda haka kamun kifi a ƙasar tudu aikin rani ne, kuma aikin taro. Shi ne a ke kira su. Ba a barin kowa ya faɗa wa tafki ran da ya ga dama. Sai ruwa ya ja ƙwarai, masu iko da wurin su sa rana, a yi shela, mutanen ƙauyuka su taru da koma da homa da kwando, a shiga gaba ɗaya. A yini ana kamu, da la'asar kowa ya koma gida da rabonsa, a fid da na mai gari da na tsofaffi. Yara kuwa su kan yi fatsa a bakin rafi da damina, da ƙugiyar da maƙeri ya lanƙwasa musu, da zaren rama ko na yawa, watau wani irin wake da a ke shukawa don zarensa, su sa tana ko gara su yi koto.

Ku lura da abu biyu a nan. Na fari, babu jirgi, gama ba a bukatarsa cikin ruwan da bai wuce ƙirji ba. Na biyu, akwai doka. Ko da ya ke ba a rubuta ta ba, kowa ya san ranar shiga da ranar da ba a shiga, wanda ya saɓa kuwa ya ji kunya a gari.

Ƙasar ruwa

In muna son asalin kamun kifi da jirgi a ƙasar Hausa, sai mu bar gida mu nufi yamma, inda ruwa ba ya ƙafewa, watau ƙasar Kabi da Yawuri, bakin gulbin Kabi da kogin Kwara. Can ne gidan Sarkawa, masunta na gado. Masana tarihi suna danganta sunansu da Sorko, masuntan daular Songai, waɗanda su ne matuƙan jiragen sarakunan ƙasar. Sarki Sonni Ali, wanda ya yi mulki daga 1464 zuwa 1492, da jiragen ruwa ya kewaye birnin Jenne har ya ci shi. Kun ga a wancan zamani kwale-kwale shi ne dokin kogi: wanda ya mallaki matuƙa ya mallaki hanya.

Wajen 1516 Muhammadu Kanta ya ƙwace kansa daga hannun Askiya na Songai, ya kafa mulkin Kabi, ya gina birnin Surame wanda kufansa na nan har yau. Ƙarfin Kabi a fadama ya ke. Abokan gaba masu dawaki su kan zo su tarad da ruwa da taɓo, Kabawa kuwa suna yawo cikinsa da jiragensu kamar a tsakar gida. Masu ba da labari suna cewa shi Kanta yana da wani babban jirgi da aka lulluɓe da tagulla, wanda ya kan zaga ƙasarsa a ciki in ruwa ya cika.

Su mutanen ruwa sun tsara sana'arsu sarai. Suna da Sarkin Ruwa, wanda ba a shiga su sai da izininsa. Suna da kayan aiki iri-iri, kowane da wurinsa da lokacinsa: taru na ja, birgi na jifa, kalli na shimfiɗawa a bari ya kwana, mamari mai ƙugiyoyi da yawa jere a igiya guda, da gora wadda masunci ke kifa ciki a kai yana iyo, yana zuba abin da ya kama a cikinta. Jirginsu kuwa na dā gungume ne guda, na maɗaci ko kawo, a sassaƙe shi a rarake.

Abin da ya fi shahara daga cikin al'adunsu shi ne sun Argungu. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka yi babban su don girmama shi, alamar an binne gabar da ke tsakanin Kabi da Sakkwato tun zamanin jihadi. Daga nan bikin ya ɗore, har a 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. A 2005 kifin da ya ci gasa nauyinsa kilo 75 ne. To, ku tambayi kanku, yaya aka yi kifi ya girma haka cikin ruwan da dubban mutane ke kewaye da shi? Amsa ita ce, wurin nan da a ke kira Matan Fada a tsare ya ke, ba a kamu cikinsa sai ranar su, ranar kuwa ba a shiga sai da homa da gora. Hutun da a ke ba ruwa shi ke haifar da giwan ruwa.

Zuwan madatsu

Yanzu mu komo gida. A 1967 aka yanka Jihar Kano, aka naɗa Audu Bako gwamna, ya riƙe ta har 1975. Mutum ne wanda ya sa zuciyarsa ga sha'anin ruwa, gama ya ga ruwan damina na wucewa a banza, da rani kuma mutane da dabbobi na wahala. Aka fara da madatsar Bagauda, sa'an nan aka kama aikin Tiga, wadda aka gama a 1974, tafkinta ya kai kusan murabba'in mil 70. Ana cikin wannan aiki sai ga babban fari na 1972 zuwa 1974, wanda ya halaka shanu da amfanin gona tun daga Senegal har Habasha. Farin nan ya rufe bakin duk mai musun amfanin tare ruwa.

Daga nan hukumar ruwa ta jiha, wadda a ke kira WRECA, ta bi ƙananan rafuka tana datsewa. A ƙarshen shekarun 1970 zuwa 1980 aikin ya iso wajenmu, aka datse Guzuguzu da Magaga da Pada da Marashi, aka datse Watari a Bagwai arewa da mu. Daga baya, a 1992, aka gama babbar madatsar Challawa a ƙasar Ƙaraye, maƙwabtanmu na kudu, mai tsayin wajen ƙafa 140 da tsawon kusan mil 5. Cikin shekara kamar ashirin ƙasar da ba ta san ruwan rani ba ta wayi gari da tafkuna masu zurfin da ya shanye dogon mutum sau da yawa.

An yi madatsun nan ne domin ruwan sha da noman rani, amma kifi bai jira an gayyace shi ba. Sabon tafki kullum ya kan fara da albarka, domin ciyayi da itatuwa da ƙasar gona da ruwa ya shanye suna ruɓewa su zama abincin ƙwari da ƙananan halittu, su kuma su zama abincin kifi. Karfasa ta yi yawa, da tarwaɗa, da ƙurungu, da ragon ruwa, da kawara. Sai dai koma da kwando ba su da amfani cikin ruwa mai zurfi. Masunta na gado daga ƙasashen manyan ruwaye, irin su Wudil da Haɗejiya da Kabi, su ne suka san hanya, kuma al'adarsu ce duk inda suka ji sabon ruwa su bi shi. Haka suka bi tafkin Kainji bayan 1968, haka suka bi Cadi. A wurin irinsu 'ya'yan manoma suka ga yadda a ke tuƙi da filafili, da yadda a ke zaunawa cikin jirgi ba a kife ba. Manyan itatuwan sassaƙa sun yi wuya, saboda haka jirgin da ya yaɗu a madatsu na katako ne, aikin kafinta, a buga da ƙusa a toshe da kwalta.

Wani abu kuma ya zo daga nesa ya sauƙaƙa aikin, shi ne zaren nailan. A Amurka aka ƙago shi a 1935, bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya bazu ko'ina. Ba ya ruɓa cikin ruwa kamar rama, ga shi siriri, ga ƙarfi, kifi kuma ba ya ganinsa sosai. Da shi da ƙugiyar kanti, yaro mai kuɗi kaɗan ya iya haɗa kayan fatsa.

Yadda a ke fatsa cikin jirgi

Tun da ya ke wannan ita ce sana'ar da ta fi kusa da hannunku, bari mu ɗan tsaya a kanta. Kayanta ba su da yawa: sanda mai lanƙwasa wadda ba ta karyewa, zare siriri, ƙugiya, 'yar darma don ta nutsar da koto, da guntun kara mai yawo bisa ruwa don ya nuna an taɓa. Amfanin jirgi shi ne ya kai ka inda kifi ya ke, watau bakin tsohuwar hanyar rafi da ruwa ya rufe, ko gindin itatuwan da suka nutse, ko gefen ciyawa. Lokacin da ya fi kyau shi ne da sassafe da kuma gab da faɗuwar rana. Mai fatsa ba ya buga filafili a jikin jirgi, ba ya surutu, gama ƙara tana tafiya cikin ruwa fiye da yadda ta ke tafiya cikin iska.

In babban kifi ya kama, a nan a ke gane gwani. Zaren siriri ne, wanda ya fizga da ƙarfi ya tsinke shi, ya rasa kifi da ƙugiya duka. Gwani ya kan saki zare in kifi ya ja, ya tattaro in ya sassauta, sanda na lanƙwasa tana shanye ƙarfin, har kifi ya gaji ya taso da kansa a sa homa a ɗauke. Hausawa sun ce mai haƙuri ya kan dafa dutse, to, mai fatsa shi ya kan sha romon.

Amma babbar falalar fatsa wata ce dabam. Ita tana zaɓe. Girman ƙugiya shi ke yanka girman kifin da zai kama, gama ɗan ƙaramin kifi ba ya iya haɗiye babbar ƙugiya. In ma ƙarami ya kamu, yana fitowa da rai, a cire a mai da shi ruwa. Ɗaya ɗaya a ke kamawa, kowane sai ya bi ta hannun mutum ya dube shi. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Abin da aka baro a baya

Mun ce ruwa ya zo, jirgi ya zo, zare ya zo. Abin da bai zo da ƙarfinsa ba shi ne dokar nan ta tsofaffi. Tafkin dā na gari ne, kowa ya san mai shi. Madatsa kuwa ta gwamnati ce, abin gwamnati kuma mutane su kan ɗauke shi kamar ba shi da mai shi. Kowa na cewa a ransa, in na bar kifin nan wani ne zai kama gobe, gara in kama yau. Da haka a ke ta rage idon raga, har waɗansu suka koma jan gidan sauro cikin ruwa, wanda ba ya barin ko ɗan kifi mai tsawon farce. Waɗansu kuma suka koma ga guba. A dā ma an san majimfa, wani tsiro da a ke dakawa a zuba a gurbi kifi ya bugu, amma wannan cikin ɗan ruwan da zai ƙafe ne. Na zamani maganin ƙwari ne, irin Gammalin 20 da aka yi don feshin koko, yana kashe babba da ƙarami da ƙwai, ya kuma cuci wanda ya ci kifin da wanda ya sha ruwan.

Ku dubi halin karfasa ku ga girman ɓarnar. Macen karfasa in ta yi ƙwai, ɗaruruwa a lokaci guda, cikin bakinta ta ke ɗauke da su har su ƙyanƙyashe, ba ta cin abinci a kwanakin nan. Wanda ya ja raga a gefen ruwa lokacin haihuwa ya kama uwa guda, ya kashe ɗaruruwa. Wanda ya kwashe ƙanana kuwa kamar manomi ne da ya dafa irinsa ya cinye tun kafin ruwan shuka.

Ba mu kaɗai wannan ya sama ba. A Kainji, shekarun fari bayan an tare ruwa an kama kifi mai yawan gaske, kafin shekara goma kamu ya faɗi ƙwarai, har daga baya aka hana jan babbar ragar nan mai ƙananan ido da a ke kira dala. A 1992 gwamnatin tarayya ta kafa doka mai lamba 108 a kan kamun kifi a koguna da tafkuna. Ta hana guba da nakiya da lantarki, ta kuma hana raga mai idon da bai kai inci 3 ba, sai 'yan ire-iren raga da ta keɓe. Doka ce mai kyau, amma takarda ba ta tsaron ruwa da dare, sai mutanen da ke kwana a bakinsa.

Akwai kuma bashin da ke kanmu wanda ya kamata ku sani. Ruwan da aka tare a Tiga da Challawa shi ne a dā ya ke malala a fadamun Haɗejiya da Nguru kowace shekara, kifi ya hayayyafa a ciki. Da aka tare, ambaliyar ta ragu, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, masuntan can suka ji a jikinsu. Tafkin Cadi ma, wanda ya kai kusan murabba'in mil 10,000 a 1963, ya janye a shekarun 1980 har bai kai kashi ɗaya cikin goma ba, ko da ya ke fari ne babban sanadin wannan. Ashe kifin da ke gabanmu rabon waɗansu ne aka juyo mana. Abin kunya ne a karɓi irin wannan amana a watsar.

Shi kansa jirgi yana da tasa doka, wadda mutanen tudu ba su gada ba. Ran 30 ga Nuwamba 2021 jirgi ya kife a madatsar Watari ta Bagwai, mutum fiye da 20 suka rasu, yawancinsu 'yan makarantar Islamiyya, tsararrakinku. An ɗora wa jirgin abin da ya fi ƙarfinsa. Allah ya jiƙansu. Kada ku shiga jirgin da ya cika, kada ku miƙe tsaye a ciki, kada ku fita in hadari ya haɗo, ku kuma koyi iyo a hannun babba tun kuna yara.

Labarin wata ƙasa

Domin ku san cutar nan tana da magani, bari mu ƙetare teku. A gabashin Amurka akwai wani babban lungun teku da a ke kira Cesafik, tsakanin jihar Merilan da ta Bajiniya, inda koguna da yawa ke zuba. Mutanen wurin suna da sha'awar fatsa cikin ƙananan jirage, da sanda marar nauyi da zare siriri kamar namu, sai dai su suna da ɗan keke a gindin sanda mai naɗe zare, kuma sau da yawa kotonsu na ƙarya ne, ƙarfe ko roba da aka yi wa siffar ɗan kifi. Su kan duba inda tsuntsaye ke shawagi suna faɗawa ruwa, su san manyan kifaye ne suka koro ƙanana sama, su tuƙa can. Kifi biyu suka fi nema. Ɗaya shuɗi ne, mai haƙora kamar tsagen Kwara, har sai an sa 'yar waya kusa da ƙugiya don kada ya datse zare. Ɗayan kuma mai zane-zane ne a jiki, suna ce masa kifin dutse. A teku ya ke zaune, amma in bazararsu ta yi sai ya hauro koguna ya yi ƙwai, kamar yadda tarwaɗarmu ke bin sabon ruwa.

Kifin dutsen nan aka yi ta kama ba ƙaƙƙautawa, da raga da ƙugiya, babba da ƙarami, ga kuma ƙazantar da ke shiga koguna. Daga 1973 zuwa 1983 abin da masu sayarwa ke kamawa ya ragu har bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. A 1984 majalisar ƙasar ta yi doka don tsaronsa, a 1985 jihar Merilan ta hana kama shi sam. Masunta suka yi kuka, gama abincinsu ne. Aka daure shekara biyar. A 1990 aka buɗe, amma da sharaɗi: ga tsawon da kifi zai kai kafin a ɗauka, ga yawan da mutum zai ɗauka a yini, ga watannin da ba a taɓawa. Mai fatsa ya shiga jirgi da ma'auni, wanda bai kai ba ya mai da shi ruwa. A 1995 masana suka shaida kifin ya komo. Labarin bai ƙare nan ba, domin a 2019 aka sake aunawa aka ga kamu ya sake yin yawa, aka ƙara tsananta doka. Watau tsaron ruwa kamar noma ya ke, kowace shekara sai an sake.

Arewa da su kuwa, a gabashin Kanada, an yi jinkiri. Akwai wani kifin teku da aka shekara kusan 500 ana kamawa a can, har manyan jirage masu inji suka share shi. Sai a 1992 aka hana kamu, mutane wajen 30,000 suka rasa aiki, aka kuma shekara fiye da ashirin kifin bai komo yadda ya ke ba. Gani ga wani ya isa wani tsoron Allah.

To, ku duba da kyau. Abin da mutanen Merilan suka yi da masana da majalisa, shi ne abin da Sarkin Ruwan Argungu ke yi, shi ne kuma abin da masu garinmu na dā su ke yi da 'yan tafkunansu: a ba ruwa hutu, a bar ƙarami ya girma, a bar uwa ta haihu. Ba sai mun aro hikimar daga waje ba, tamu ce muka ajiye.

Abin da ya rage gare ku

Ku ne za ku zama masu unguwanni da malaman gona da masunta da alƙalai na gobe, saboda haka ga abin da mu ke roƙonku. In za ku yi fatsa, ku sa ƙugiya babba, ku mai da duk kifin da bai kai tafin hannu ba. In kun ga karfasa da ƙwai a baki, ku sake ta. Gidan sauro na gado ne, ku bar shi can ya tsare ku daga zazzaɓi. In kun ga ana zuba guba a ruwa, ku gaya wa mai unguwa ko dagaci, gama ruwan nan shi ƙannenku ke sha. In an yi hutu, ku zauna gaban tsofaffin garinku ku tambaye su yadda a ke su kafin a yi madatsa, wa ke sa rana, wane tafki a ke tsarewa, wane horo a ke yi wa wanda ya saɓa. Ku rubuta abin da suka faɗa cikin littafinku ku kawo wa malaminku, domin tsofaffin da suka ga zamanin nan da idonsu suna ƙarewa.

Madatsun ƙasarmu ba su daɗe ba, babbarsu ma ta 1992 ce, kuma ƙasa na gangarowa daga gonaki tana cike su kaɗan kaɗan. Ko jikokinku za su sami kifi a cikinsu, ko su tarad da ruwa fanko, wannan yana ga abin da za a yi cikin shekarun da ku ke manya. Allah ya ba ku ilmi mai amfani, ya sa ku riƙe amanar da aka bar muku, amin.